Yadda Turanci ke auna shakka: daga "may" zuwa "highly likely"

A watan Maris na 1951 masu hasashe na hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, suka miƙa wa gwamnatinsu rahoto a kan ƙasar Yugoslabiya. Abin da ake son sani shi ne ko Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta za su afka wa ƙasar a cikin wannan shekara. Amsar da suka rubuta ita ce harin *serious possibility* ne. Ba a daɗe ba wani babban jami'in ma'aikatar harkokin waje ya tari Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara rahoton, ya ce masa: kashi nawa cikin ɗari kuke nufi? Kent ya ce wajen 65. Jami'in ya cika da mamaki, don shi da mutanensa sun ɗauka abin bai kai ko kusa da haka ba. Da Kent ya koma ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar wani 20 yake nufi, wani kuma har 80, alhali dukansu sun amince da jimla guda.

Waɗannan 'yan asalin harshen ne, rubutu kuma sana'arsu ce. To ina ga wanda a aji ya koyi Turanci, aka ce masa *maybe* da *perhaps* da *possibly* da *probably* duk "wataƙila" suke nufi? Gyara yana farawa ne daga gane cewa kalmomin shakka na Turanci ayyuka uku suke yi. Wasu awo suke yi, suna faɗin ƙarfin yiwuwar abu. Wasu suna nuna cewa maganar ba ta mai faɗinta ba ce, ji ya yi. Wasu kuma babu shakkar komai a cikinsu, ladabi ne zalla. Wanda ya cakuɗa su yakan yi alkawarin da bai yi niyya ba, ko ya ɗauki "a'a" a matsayin "sai an duba".

Ƙananan kalmomin da ke gaban aikatau

Mafi yawan shakkar Turanci tana kan *may*, *might* da *could*. Idan ana maganar yanzu ko gaba, ukun suna kusa da juna: *He may come*, *He might come*, *He could come*, duk mai yiwuwa ya zo. Littattafan nahawu sukan ce *might* ta fi *may* rauni. Haka ne, amma bambancin kaɗan ne, kuma a bakin mutane *might* ta fi yawo, *may* ta fi zama a takarda.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen korewa. *He may not be at home* da *He might not be at home* suna nufin wataƙila ba ya gida. *He can't be at home* da *He couldn't be at home* kuwa sun rufe ƙofa: ba zai yiwu a ce yana gida ba. Wato *could* tana tafiya tare da *may* da *might*, amma da zarar an sa mata *not* sai ta raba hanya da su. Wanda ya rubuta wa abokin ciniki *The goods could not arrive on Friday* yana nufin wataƙila kayan ba za su iso ba, ya faɗi wani abu daban, mai karatu zai ɗauka kayan sun riga sun kasa isowa.

Sai *can*. Bahaushe yana cewa "za a iya yin ruwa gobe", don haka hannunsa yakan tafi ga *It can rain tomorrow*. Turanci ba ya karɓar wannan. *Can* tana faɗin abin da ya saba faruwa ne a dunƙule, kamar *It can rain in October*, wato akan yi ruwa a watan Oktoba. Idan rana guda ake hasashe, sai *may*, *might* ko *could*. Haka kuma ba a tambayar yiwuwa da *may*. Ba a cewa *May it rain?* Ana cewa *Do you think it will rain?* ko *Is it likely to rain?*

*Must* fuska biyu gare ta. Akwai ta dole, wadda kowa ya sani. Akwai kuma ta yanke hukunci daga alamu: *You must be tired* ba umarni ba ne, "lallai ka gaji" ake nufi. Kishiyar wannan a Turancin Birtaniya ita ce *can't*: *You can't be tired already*. Amurkawa sukan ce *He must not be home* da ma'anar "da alama ba ya gida", amma Baturen Ingila idan ya ji *mustn't* hani yake ji. *Should* tana ƙasa da *must* kaɗan: *The money should arrive on Monday* na nufin in komai ya tafi yadda aka saba, kuɗin za su shigo Litinin. Ba alkawari ba ne, kuma ma'aikacin banki da ya zaɓi *should* maimakon *will* ya san abin da yake yi.

Ga abin da ya wuce, ana ƙara *have* da siga ta uku ta aikatau, irin su *gone*, *seen*, *taken*. A nan ne *may* da *might* suke rabuwa da gaske. Dubi jimlolin nan biyu:

*The drug may have saved him.*
*The drug might have saved him.*

Ta farko tana nuna mutumin yana raye, kuma mai yiwuwa maganin ne ya cece shi. Ta biyu za ta iya ɗaukar wannan ma'ana, amma sau da yawa abin da take cewa shi ne ba a ba shi maganin ba, ya rasu, da an ba shi da ƙila ya tsira. Mai fassara labarin asibiti da bai kula ba zai iya raya wanda ya mutu.

Abu biyu a gurguje. *Maybe* a haɗe bayanau ce, *may be* a rabe aikatau ne: *Maybe he is ill*, amma *He may be ill*. Sannan a takardar kwangila da ta doka *may* izini take bayarwa, ba hasashe ba. *The landlord may inspect the house* na nufin mai gida yana da damar duba gidan, *shall* kuma ita ce ta wajibi.

Tazarar da ke tsakanin possibly da probably

Su biyun suna kama a baki da a rubuce, amma nisan da ke tsakaninsu ya fi na kowace biyu a wannan fanni. *Possibly* tana cewa abin ba gagara ba ne, ko da yiwuwarsa kashi 5 ce. *Probably* tana cewa faruwarsa ta rinjayi rashin faruwarsa, abin da Bahaushe zai ce "ana kyautata zato". *Maybe* da *perhaps* suna tsakiya, ba su karkata ko'ina ba, sai dai *perhaps* ta fi dacewa da wasiƙar ofis. Likitan da ya ce *It is probably malaria* ya kusa yanke hukunci. Wanda ya ce *It is possibly malaria* yana cewa ne kawai kada a cire zazzaɓin cizon sauro daga lissafi.

Mazauninsu a jimla ma yana da ƙa'ida. *Probably* tana bayan *will*, amma tana gaban *won't*: *He will probably come*, *He probably won't come*. *Likely* sifa ce, shi ya sa ake cewa *He is likely to come* ko *It is likely that he will come*. Amurkawa suna rubuta *He will likely come* ba tare da damuwa ba, masu tsaurin ra'ayi a Birtaniya kuma sun fi son a sa mata *very* ko *most* a gaba. *Probable* ba ta karɓar ginin *likely*: ba a cewa *He is probable to come*. Haka *sure* tana son mutum a gabanta, *I am not sure*. Idan jimlar da *it* ta fara, *certain* ake sawa: *It is not certain that he will come*.

Saboda ruɗani irin na rahoton Yugoslabiya, wasu hukumomi sun ɗaure waɗannan kalmomi da alƙaluma. Kent kansa a 1964 ya ba da shawarar *probable* ta tsaya a kan kashi 75, *almost certain* a kan 93, *probably not* a kan 30, kowace da ɗan sassauci sama da ƙasa, amma hukumarsa ba ta karɓa ba a lokacin. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya yi abin da Kent ya nema. A rahotanninsa *virtually certain* kashi 99 ce zuwa 100, *extremely likely* daga 95, *very likely* daga 90, *likely* daga 66, *about as likely as not* tsakanin 33 da 66, *unlikely* ƙasa da 33, *very unlikely* ƙasa da 10. Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai karanta tarihin binciken a cikin kalmomi kaɗan. Game da cewa ayyukan ɗan Adam ne suka jawo mafi yawan ɗumamar duniya, rahoton 2001 ya ce *likely*, na 2007 ya ce *very likely*, na 2013 ya ce *extremely likely*. A 2021 aka ajiye ma'aunin gaba ɗaya a kan batun cewa ɗan Adam ya ɗumama duniya, aka ce *unequivocal*, wato babu sauran tababa.

Masu nazarin bayanan sirri na Birtaniya suna da nasu ma'aunin. A wurinsu *realistic possibility* tana tsakanin 40 da 50, *likely* ko *probable* 55 zuwa 75, *highly likely* 80 zuwa 90, *almost certain* daga 95. Shi ya sa lokacin da firaministar Birtaniya Theresa May ta gaya wa majalisa a ranar 12 ga Maris na 2018 cewa *highly likely* ne Rasha ce ta sa wa Sergei Skripal, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, guba a garin Salisbury, ba kame-kame take yi ba, kalma ta ɗauko mai nauyi sananne. Amma a lura, *likely* ta IPCC daga 66 ta fara, ta Birtaniya daga 55. Kamar mudu ne, sunansa ɗaya amma kowace kasuwa da girman nata. Idan rahoto na hukuma ne, a nemi shafin da ya bayyana ma'auninsa kafin a fassara.

Wani wurin da ake yawan tayar wa mutane hankali a banza shi ne rabe-raben cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa. Rukuni na 1 shi ne abin da aka tabbatar yana jawo cutar. Rukunin 2A shi ne *probably carcinogenic*, 2B kuma *possibly carcinogenic*, inda *carcinogenic* ke nufin mai jawo ciwon daji. A 2015 aka sa jan nama a 2A, a 2023 aka sa aspartame, sinadarin zaƙi na lemukan da ba sukari, a 2B. Waɗannan kalmomi ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. *Possibly* a nan tana nufin hujjar ba ta da ƙarfi. Kanun labarin da ya ce "an gano yana jawo ciwon daji" ya ɗauki abu daga 2B ya kai shi rukuni na 1.

A rahotannin annoba na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, ma matakai uku ne. *Suspected case* shi ne mai alamun cutar da ba a tabbatar ba, *confirmed case* wanda gwaji ya tabbatar. *Probable case*, a zazzaɓin Lassa, shi ne wanda ake zargin yana da cutar amma ya rasu ko ya gudu ba a ɗauki jininsa ba. Haɗa adadin ukun a ce "waɗanda suka kamu" kuskure ne, don na farkon yakan ninka na tabbas sau da yawa.

Doubt da danginta

Harafin *b* na cikinta ba a furta shi, "daut" ake cewa. Marubutan dā ne suka cusa shi don a tuna asalinta na Latin, *dubitare*.

Tarkon farko shi ne *doubt* da *suspect*. Duka biyun suna da ƙamshin zargi, amma gabas da yamma suke fuskanta. *I doubt he took the money* na nufin ba na jin shi ya ɗauka. *I suspect he took the money* na nufin ina jin shi ne. A gaban kwamitin bincike, wanda ya musanya su zai wanke wanda yake zargi, ko ya ɗora wa wanda yake karewa.

Na biyu ya fi kama Bahaushe. "Babu shakka" a Hausa tabbaci ne cikakke, don haka ake ɗaukar *no doubt* daidai da ita. Idan *no doubt* ta zo ita kaɗai a jimla, ba ta wuce *probably* da yawa ba: *No doubt you have heard the news* na nufin ina zaton ka ji labari. Wani lokaci ma har da ɗan gatse a ciki. Mai son tabbaci sai ya ce *There is no doubt that*, ko *without a doubt*, ko *undoubtedly*. *Surely* ma haka take, a farkon jimla ba tabbaci take bayarwa ba, neman tabbaci take yi cikin mamaki: *Surely he has paid?* daidai take da "ai dai ya biya ko?"

Wajen gini, aikatau ba ya ɗaukar *about*, suna ne ke ɗauka: *I doubt his story*, amma *I have doubts about his story*. Bayan *I doubt* ana iya sa *if*, *whether* ko *that*. Bayan *I don't doubt* sai *that* kaɗai. Gajeriyar amsa ita ce *I doubt it*, ba *I doubt so* ba, ko da yake ana cewa *I think so*. Wanda ya yi karatu da malaman Indiya zai ji suna cewa *I have a doubt* da nufin "ina da tambaya". Wannan Turancin Indiya ne, a Landan ba haka za a fahimta ba.

Sifofin ma kowace da gurbinta. *Doubtful* rashin tabbas ne kawai. *Dubious* idan an jingina ta ga abu tana ɗauke da zargin rashin gaskiya: *a dubious company* kamfani ne da ake jin akwai lauje cikin naɗi. *Sceptical*, wadda Amurkawa ke rubutawa da *k*, ta mutumin da ba ya yarda sai ya ga hujja ce. *Suspicious* kuwa tana kallon ɓangare biyu: *He is suspicious of them* shi ke zarginsu, *He looks suspicious* shi ake zargi.

Maganar da ba taka ba

Hausa da "wai" guda take gama wannan aiki. Turanci ya rarraba shi. *Reportedly* na nufin an ruwaito, babu ra'ayin mai magana a ciki. *Allegedly* ta laifin da ake tuhuma ce wanda kotu ba ta tabbatar ba. *Supposedly* ita ce "wai" mai taɓe baki, mai faɗinta bai yarda ba. *He claims* ma tana jefa shakka a kan mai maganar, inda *he says* ba ta jefawa, shi ya sa ɗan jarida mai adalci ba ya rubuta *says* ga gwamnati ya rubuta *claims* ga 'yan adawa. *Apparently* ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Saboda *apparent* na iya nufin abin da yake a fili, sai a ɗauka *apparently* daidai take da *obviously*. A yawancin magana "ance" ko "da alama" take nufi: *Apparently the meeting was cancelled*, wato haka na ji, ban tabbatar ba. *Feared dead* a labarin hatsarin kwalekwale na nufin ana fargabar sun mutu, ba a ga gawa ba tukuna.

Dalilin yawan *alleged* da *suspect* a jaridun Najeriya yana cikin sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ajiye ma'auni biyu. A shari'ar laifi, sashe na 135 ya ce sai an tabbatar *beyond reasonable doubt*, wato har ba sauran shakkar da mai hankali zai riƙe. A ƙarar da ba ta laifi ba, irin ta bashi ko fili, sashe na 134 ya ce *balance of probabilities* ya isa, wato wanda hujjarsa ta rinjaya ko da kaɗan ne. Sai dai *allegedly* ba laya ba ce. A dokar ɓata suna da aka gada daga Ingila, maimaita ƙazafi ɗaya yake da yin sa, ko an liƙa masa wannan kalma.

Shakkar da ba shakka ba

Idan shugaba a ofis, musamman Baturen Ingila, ya ce *I'm not sure that's right*, ya tabbata sarai cewa ba daidai ba ne, yana rage zafin maganar ne. *You might want to check the figures* umarni ne, je ka duba alƙaluman, akwai kuskure. *I'm afraid we can't* babu tsoro a ciki, ba da haƙuri ne. *I was wondering if you could help* roƙo ne, sigar wucewar da ke ciki kuma don tausasawa ce, roƙon na yanzu ne. Hanyar ganewa ita ce a duba ko mai maganar yana da damar sanin gaskiyar abin. Idan takardar tana gabansa ya ce *there seems to be a mistake*, to akwai kuskuren.

Turanci kuma ya fi son korewa ta hau kan *think*: *I don't think he will come* ta fi *I think he will not come* daɗin ji, kamar dai yadda "ba na jin zai zo" ta fi "ina jin ba zai zo ba" laushi. *Hope* ce ba ta bin wannan, *I hope not* ake cewa. *Hopefully* kuwa fata ce, ba ta faɗin komai game da yiwuwar abu, don haka ba ta maye gurbin *probably*.

A rubutun jami'a, da jarrabawar gwajin Turanci irin IELTS, ana auna ɗalibi da yadda ya daidaita ƙarfin kalma da ƙarfin hujjarsa. Aikatau ɗin suna hawa ne daki-daki: *suggest*, sai *indicate*, sai *show*, sai *prove* a can ƙoli. Wanda ya raba takardar tambayoyi ga mutum 80 a unguwa ɗaya ya rubuta *This proves that*, mai duba kundin zai ja masa layi, domin abin da ke hannunsa bai wuce *suggests* ba. *Tend to* da *in most cases* suna hana a yi kuɗin goro: *Farmers tend to sell early* ta fi *Farmers sell early* tsira daga ƙalubale. Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ne tara kalmomin shakka a jimla guda, irin *It may possibly suggest that this could perhaps be the cause*. Biyar ke nan a kan magana ɗaya, mai karatu ba zai san ko marubucin na nufin kashi 70 ko 10 ba. A zaɓi guda a zubar da sauran: *This may be the cause* idan hujjar ba ta da ƙarfi, *This is probably the cause* idan ta rinjaya. In kuwa akwai alƙalami a hannu, kamar 31 daga cikin 80, a rubuta shi a gefen kalmar.